Darasin Iyakar Jibiya: Yadda Ake Jingine Tsohuwar Fijo Ba Ta Lalace Ba

Masu iya magana sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wannan karin magana shi ya fi dacewa da batun da nake son mu tattauna a wannan fili a yau, wato yadda mutum zai jingine tsohuwar motarsa na tsawon watanni ko shekaru, ya kuma dawo ya same ta da ranta. Na san wani mai karatu zai ce ana fama da tsadar rayuwa da matsalar tsaro, ina ruwan jama'a da tsohuwar mota? To, a yi haƙuri a biyo ni zuwa Jibiya, domin a can ne za a ga cewa maganar ta shafi dukiyar mutane, ta kuma shafi wani ɓangare na tarihinmu da ke salwanta a gaban idonmu.

Garin Jibiya yana da nisan kilomita 40 da 'yan kai daga birnin Katsina, kuma a Magama da ke kusa da shi ne ake duba takardun masu tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Gari ne da arzikinsa ya rataya a kan taya. Direba da ɗan kamasho da mai faci da bakanike da mai sayar da abinci a tasha, dukkansu da motsin mota suke ci. A cikin shekaru 40 an yi manyan rufewar iyaka guda uku da suka tsayar da wannan motsi. Ta farko ita ce ta watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a kan canjin kuɗi, ba a kuma buɗe su ba sai a 1986. Ta biyu ita ce ta watan Agustan 2019. A wannan karon an buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum a watan Disamban 2020, amma mutanen Jibiya sai da suka jira har watan Afrilun 2022. Ta uku ta biyo bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, inda takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sa aka sake garƙame ƙofar har zuwa watan Maris na 2024.

A duk waɗannan lokuta jaridu sun yi ta ba da labarin kayan gwari da suka ruɓe a cikin manyan motoci, da farashin shinkafa da ya tashi. Asarar da ba a cika ambata ba ita ce ta motocin kansu. Direban da aikinsa ya tsaya yakan kai motarsa gindin darbejiya ko ƙofar gida, ya ja birkin hannu, ya kulle, yana cewa nan da mako biyu za a buɗe. Mako biyu ya zama wata shida, wata shida ya zama shekara biyu. Ranar da aka buɗe iyaka, sai ga motar ta ƙi tashi. Batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage, birki ya kama, ɓera ya cinye wayoyi, fetur ɗin da ke tanki ya zama kamar ƙaro. Kanikawan da na zanta da su a Magama da Katsina bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa tsayuwa wuri guda ta fi kashe mota a kan tafiya, kuma wadda ta fi shan wahala a irin wannan hali ita ce tsohuwar mota. Haka abin yake ga wanda matsalar 'yan bindiga ta tilasta masa barin gida, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, da magadan da mahaifinsu ya rasu ya bar musu mota a gareji.

Idan ana maganar tsohuwar mota a wannan hanya, to Peugeot 504 ake nufi, wadda muke kira Fijo. An fara fito da ita a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta yi nasara a gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, gasar da aka sani da karya motoci. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, tsakanin 1976 da 1979, ta zama motar manyan jami'an gwamnati, sannan ta zama abin da kowane malamin makaranta da ma'aikacin banki ke buri idan ya sami bashin mota. Doguwar nan mai kujeru layi uku ita ta riƙe jigilar fasinja tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi shekara da shekaru, a-kori-kurarta kuwa ta yi dakon hatsi da dabbobi a ranakun kasuwa. An daina haɗa ta a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000. Bugu da ƙari, tun daga 1 ga Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, duk Fijon da ta lalace a yau ba ta da madadi, kuma 'yan gwangwan suna nan suna zagaye da ma'auninsu, su sayi motar da ta yi wa iyali hidimar shekara 30 a kan farashin kilo.

To, yaya ake jingine ta? Shawarwarin da ake samu a littattafan Turawa an tsara su ne don ƙasashen da ke fama da ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a kan titi. Abokan gabar mota a ƙasarmu daban ne: zafin bazara da kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, laimar damina daga Yuni zuwa Satumba, sai kuma ɓera da gara da zanzaro. Kowane mataki da zan kawo an auna shi ne da waɗannan.

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri. Ɗaki mai rufi da daɓen siminti, wanda iska ke ratsawa, shi ne ya fi. Idan daɓen ƙasa ne, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin motar, domin laimar da ke tasowa daga ƙasa da damina ita ke fara cin ƙarfen ƙasan mota, inda ido ba ya gani. Gindin bishiya yana da inuwa, amma kashin tsuntsu da ƙaron itace suna ƙona fenti, busasshen ganye kuma yana toshe magudanan ruwan da ke gindin gilashin gaba, ruwa ya taru, tsatsa ta kama. Wani abu da ya zama ruwan dare a gidajenmu shi ne mayar da gareji rumbu. Da kaka ta yi sai a jera buhunan gero da gyaɗa a gefen motar, wani lokaci ma har a cikinta. Wanda ya yi haka ya aika wa ɓera goron gayyata, kuma idan ɓeran ya gama da buhu, robar wayoyi da soson kujera zai koma wa.

Na biyu, a wanke ta sarai, musamman ƙarƙashinta da cikin kaskon tayoyi, inda laka ke maƙalewa tana riƙe danshi. A bar ta ta bushe a rana, a shafa mata man goge fenti, a share cikinta kada a bar ko ɓawon gyaɗa. Ƙofofi da makullai da duk wata mahaɗa mai motsi a sa musu giris.

Na uku, baƙin mai. Mutane da yawa suna ganin asara ce a zuba sabon mai a motar da ba za ta yi tafiya ba, sai su bar juyen sai ranar da za a tashe ta. Wannan lissafi a juye yake. Baƙin man da ya yi aiki yana ɗauke da dattin ƙonewar fetur da ɗanshi da sinadarai masu tsami, kuma idan ya kwanta wata da watanni sai ya riƙa cin ƙarfen cikin injin sannu a hankali. A juye shi, a canza matatarsa, a zuba sabo, a bar injin ya yi aiki na wasu mintuna domin man ya zagaya ko'ina. Idan ajiyar za ta wuce shekara, a kwance filogi, a ɗiga kamar cokali guda na baƙin mai a kowane rami, a juya injin da hannu, sannan a mayar da filogin. Wannan ɗan aikin da bai fi rabin awa ba shi ke hana fistin kamawa.

Na huɗu, fetur, kuma a nan ne kanikawa suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a cika tanki fal, domin tankin Fijo na ƙarfe ne, kuma iskar da ke cikin tankin da ba kowa tana haifar da raɓa, raɓa kuma ta haifar da tsatsa. Wasu na cewa a zuƙe shi ƙaf, domin fetur ba ya daɗewa, musamman a zafi irin namu, inda sassansa masu sauƙi ke bin iska, ragowar ya yi kauri ya toshe ƙananan ƙofofin kafireta. A nawa ganin kowannensu yana da gaskiya, tsawon lokaci ne ke raba gardamar. Idan wata uku zuwa shida ne, a cika. Idan shekara ce ko fiye, a zuƙe, a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa domin kafireta ta bushe. Ga mutumin Jibiya ma akwai ƙarin dalili. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka, jama'a suka koma ga 'yan bumburutu, kuma man galan da ba a san abin da aka gauraya a cikinsa ba bai kamata ya kwana shekara a tankin motar da ake ji da ita ba. Sannan tanki cike da fetur a ɗaki rufaffe cikin bazara, kusa da inda ake girki, hatsari ne ga dukkan gidan.

Na biyar, ruwan lagireto. Yawancin direbobinmu ruwan rijiya ko na burtsatse suke ɗurawa, kuma muddin motar na tafiya ana ƙarawa kullum, illar ba ta saurin bayyana. Injin 504 kuwa gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyam, kuma idan waɗannan ƙarafa biyu suka daɗe a cikin ruwa zalla mai gishiri-gishiri, sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya. A zubar da tsohon ruwan, a wanke lagireton, a zuba ruwan sanyaya injin na kanti mai maganin tsatsa. Mu ba mu da sanyin da zai daskarar da ruwa, saboda haka maganin tsatsar ne muke biya wa kuɗi. Barin lagireto babu komai a ciki ma ba dabara ba ce, domin famfon ruwa da robobinsa suna bushewa su tsage.

Na shida, batir. A cire shi daga motar, a fara kwance wayar da ke da alamar ragi. Batir yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a ma'auni, idan ya sauka ƙasa da 12.4 yana bukatar caji, idan kuma aka bar shi a mace na tsawon lokaci, farantan cikinsa suna yin ɓawon da ba ya fita. A ajiye shi a inuwa, a kai shi caji sau ɗaya a wata. Idan an san ajiyar ta shekaru ce, gara a sayar da shi ko a ba wani ya mora, a sayi sabo ranar da bukata ta taso.

Na bakwai, tayoyi da birki. Tayar da ta daɗe tana ɗauke da nauyi a wuri guda tana shafewa ta gefen da ke ƙasa, rana kuma tana tsattsaga gefenta. A ɗaga motar a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe guda huɗu a wuraren da aka tanada don jak. Ana yawan amfani da guntun katako ko turmi, amma a tuna da gara, domin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an tarar da mota ta zauna a kan cikinta bayan gara ta cinye abin da aka tokare ta da shi. Bulon siminti shi ma yana iya farfashewa ba zato. Idan ba za a ɗaga ta ba, a ƙara wa tayoyin iska kaɗan fiye da ƙa'ida, a riƙa tura motar gaba ko baya lokaci-lokaci. Birkin hannu kuwa kada a ja shi. Idan ya daɗe a jaye, musamman aka ratsa damina, sai ya manne ya ƙi saki. A sa waigi a gaban taya da bayanta. Man birki yana shan ɗanshin iska, don haka idan ya kai shekara biyu a canza shi kafin a jingine motar. Kuloci shi ma yana mannewa, maganinsa a riƙa taka shi sau da yawa duk lokacin da aka leƙa motar.

Na takwas, a toshe ƙofofin baƙi. Bakin salansa da bakin da iska ke shiga injin a cusa musu soson ƙarfe irin na wanke tukunya, domin ɓera ba ya iya cinsa, zanzaro kuma ba zai sami wurin gina ɗakinsa ba. A rubuta a takarda cewa an toshe wurare kaza da kaza, an zuƙe mai, an cire batir, a ɗaura takardar a sitiyari. Bayan shekara biyu babu mai tunawa, kuma mai yiwuwa ne wanda zai tashi motar ba shi ne ya ajiye ta ba. A ɗan sassauta gilasan ƙofa kamar faɗin yatsa don iska ta riƙa shiga, a sa wani abu mai laushi tsakanin robar share gilashi da gilashin. Daga nan sai lulluɓi. Leda da tamfol suna riƙe zafi da gumi, kuma idan iskar hunturu ta riƙa kaɗa su a kan ƙurar da ta kwanta, sai su goge fenti kamar an bi shi da yashi. Tsofaffin zannuwan gado na auduga sun fi su nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata al'ada da ake ɗauka kulawa ce, alhali ɓarna ce. Maigida zai bar wa yaro makulli ya ce kowace Juma'a a tashe ta na minti biyar don kada ta kwanta. A cikin minti biyar injin bai yi zafin da zai ƙone ɗanshin da ya haifar ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin baƙin mai, batir kuma bai mayar da wutar da aka kashe wajen tashin ba. Ko dai a fita da ita a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 har ta yi zafi sosai, ko kuwa a shirya ta yadda na bayyana a ƙyale ta ta huta.

Na ga bambancin da idona a Katsina bayan buɗe iyaka a 2022. Wasu dattawa biyu, dukkansu tsofaffin direbobin hanyar Maraɗi, kowanne da Fijonsa mai layi uku. Ɗaya ya kashe abin da bai fi kuɗin juyen mai da yinin bakanike ba, ya ɗora tasa a kan ƙarfe a cikin wani shago da ba a amfani da shi. Da lokaci ya yi, aka zuba mai, aka sa batir, aka juya injin da hannu, aka duba birki, kafin la'asar tana kan titi. Ɗayan ya bar tasa a ƙofar gida, yara suka mayar da ita wurin wasa, awaki suka mayar da inuwarta makwanci. Da aka yi masa lissafin gyara, aka haɗa da kayan da sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna kafin a samu, sai ya ga ya fi ƙarfinsa. A gaban idonsa aka yanka ta da wuta aka loda a kura, kuma tun daga ranar bai sake riƙe sitiyarin da yake nasa ba.

Saura magana ɗaya wadda ba ta bakanike ba ce, wato takardu. A yankin iyaka, motar da ba ta da takarda abin zargi ce komai tsufanta. A tattara takardar saye da ta rajista da duk wata shaidar mallaka, a yi musu kwafi, a rubuta lambar injin da ta shasi, a ajiye su a cikin gida nesa da motar, inda gara da ruwa ba za su kai ba. Idan motar ta gado ce, a zauna a yanke shawara tun da wuri a kan wanda zai riƙe ta da kuma yadda za a fitar wa sauran magada haƙƙinsu. Motoci da dama sun ruɓe a tsakar gida saboda kowane magaji yana jin nauyin ya taɓa, babu kuma wanda ya ɗauki nauyin kulawa, har dukiyar marayu ta zama ta tsatsa.

Daga ƙarshe, ina da kira ga hukumomi da masu hannu da shuni. Kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihin motocinsa a garin Sochaux na Faransa tun 1988, kuma a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas har an adana motar Mercedes da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ashe ke nan mun san mota tana iya zama shaidar tarihi. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa ta Jibiya, kuma duk ranar da jirgi ya kama aiki sosai, yadda ake tafiya a wannan hanya zai sauya. Ya kamata kafin lokacin gwamnatin Jihar Katsina, tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, su nemi ko da Fijo biyu ko uku masu lafiya, ɗaya ta fasinja ɗaya a-kori-kura, a gyara su a ajiye inda 'yan makaranta za su gani, tare da naɗar bayanan tsofaffin direbobin da suka tuƙa su tun suna raye. Kuɗin da za a kashe bai kai na sabuwar mota guda ta ayarin wani babban jami'i ba.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa da kuke da irin wannan mota a gidan mahaifi a Katsina ko Jibiya ko Daura, ina roƙonku idan kun je gida hutun ƙarshen mako ku ɗaga zanen da aka rufe ta da shi ku duba halin da take ciki, ku kira bakanike ya yi mata yini guda. Rigakafi dai an ce ya fi magani. Allah Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, Ya kuma sa albarka a abin da iyaye suka bar mana, amin.